Wuyan hannuna na zugi in na kama kod ɗin F, juriya zan yi ko in ajiye jitar?

Nazifi_KD:
Salam 'yan uwa, don Allah masu jita a cikinku ina neman shawara. Ban jima da fara koyo ba, jitar katako ce na saya ta hannu wajen wani abokin yayana. Da farko kan yatsuna ne ke raɗaɗi, wannan kowa ya ce min haka abin yake sai kanta ta fito, kuma ta fito Alhamdulillah. To yanzu wani sabon abu ne ya taso, duk sanda na kama F ko Bm, irin kod ɗin nan da manuniya ke danne wayoyin gaba ɗaya, sai in ji wuyan hannuna na hagu yana zugi ta wajen gindin babban yatsa har ya hau sangalin hannu. Kwanan nan kuma cikin dare sai in farka in ji yatsun sun mutu sai na yi ta yarfe hannun kafin su dawo. Matsalar akwai biki ƙarshen wata da aka ce zan raka band, shi ya sa kullum daga an idar da isha'i ina kai har dare ya raba. Wani ya ce min hannun ne bai saba ba in daure kawai. Haka ne ko in ajiye?

Garba_Lead:
Ƙanina daure. Duk wanda ka ga yana wasa da jita kamar ba komai ya bi ta wannan hanyar, wanda ya ci zomo ai ya ci gudu. F ɗin nan ita ce ke korar rabin masu koyo, in ka wuce ta ka wuce wajen. Ka samu ƙwallon roba kana matsawa hannun zai yi ƙarfi.

Bitrus_Bass:
Oga Garba da girmamawa amma ban yarda ba. Zafin fatar yatsa daban, zugin wuyan hannu daban, ballantana yaron ya ce yatsunsa na mutuwa da dare. Mu nan Jos watan Disamba ne ke nuna mana wannan abin, rihazal kullum, ga waƙoƙin Kirsimeti ga bukukuwan aure an jera su, mutumin da duk shekara Lahadi kawai yake taɓa jita sai ya koma kullum awa uku awa huɗu. Akwai wani ɗan ƙungiyarmu da aka yi ta ce masa daure daure, ya daure kuwa har sabuwar shekara, daga baya murfin robar ruwa ma sai an buɗe masa, watanni ya yi bai ɗauki jita ba. Da ya huta tun farko da sati biyu ya ishe shi.

Ummi_Zee:
Ni dai ƙwallon robar nan ban gane mata ba, hannun da ya riga ya gaji kuma a ƙara masa aiki?

Anti_Rahila:
Nazifi sannu. Ni aikina gashin ƙashi ne, kuma ba zan iya gane ciwo ta waya ba sai an ga mutum an taɓa hannun, amma ka amsa min wannan: waɗanne yatsu ne ke mutuwa? Babba da manuniya da na tsakiya, ko kuwa ƙaramin da na kusa da shi? Sannan ka gwada wani abu a hankali, ka lanƙwasa babban yatsan cikin tafin hannu ka rufe shi da sauran yatsun, sai ka karkata hannun wajen ƙaramin yatsa. Ka faɗa min in ka ji wani zafi mai kaifi ta gefen wuyan hannun. Kar ka yi da ƙarfi.

Nazifi_KD:
Anti na gwada, wlh sai da na ce wash. Yatsun kuma babba da manuniya da na tsakiya ne, ƙaramin lafiyarsa ƙalau.

Anti_Rahila:
To ka ga abu biyu ka kawo. Zafin da ka ji a gwajin nan yana nuna jijiyoyin da ke jan babban yatsa sun wahala, suna bi ta wani matsattsen kube a gefen wuyan hannu, in aka yi ta matse abu da babban yatsa na tsawon lokaci wajen yakan kumbura. Masu jego ma suna yawan samunsa saboda ɗaga jariri. Mutuwar yatsu uku da dare kuma yawanci jijiyar ji ce da ke ratsa tsakiyar wuyan hannu ta wani ɗan rami tare da jijiyoyin lanƙwasa yatsu guda tara, ramin ba ya buɗewa, to in ka lanƙwashe wuyan hannu sosai kana kuma matsawa sai a danne ta. Ita ce ke kai ji ga babban yatsa, manuniya, na tsakiya da rabin na zobe. Da dare abin ya fi tashi saboda mutane da yawa suna barci hannu a naɗe ƙarƙashin matashi ko haɓa. Ba na son in tsorata ka, a matakin nan yawanci yana lafawa in an rage aikin an gyara riƙo, amma wannan ba abin da ake daurewa ba ne. Kanta fata ce, tana kauri in an dame ta. Jijiyar ji ba ta yin kanta.

Garba_Lead:
Anti mu da ba mu je asibiti ba ai ga mu muna kiɗa har yau. Django Reinhardt, shahararren mai jitar nan, gobara ta ƙone masa hannun hagu a 1928, yatsu biyu suka lalace, da biyun da suka rage ya girgiza Faransa da duniya. Yaran yanzu abu kaɗan sai a ce a huta.

Sadiq_Zaria:
Oga Garba misalin naka ai kanka ya juyo. Django bai ce sai yatsun da suka ƙone sun yi aikin da ba za su iya ba, sabon salon riƙo ya ƙirƙiro da ya dace da hannun da yake da shi. Haka Tony Iommi, mai jitar nan na Ingila, yana shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe a Birmingham, me ya yi? Ya haɗa 'yan huluna na roba ya sa wa yatsun, ya koma wayoyi sirara har da na banjo, daga baya ya sassauta ɗaurin jitar ya saukar da sautin ƙasa. Wato jitar aka lanƙwasa ta bi hannu. Kai kuma kana ce wa yaro ya lanƙwasa hannu ya bi jita.

Garba_Lead:
Malam Sadiq ka cika karatu.

MaiGyaranJita_SG:
Ku tsaya kafin a yanke wa hannun yaro hukunci a duba jitar tukuna. Ni a Sabon Gari nake gyara, kuma mafi yawan jitocin katako na hannu da ake kawo min, musamman masu arha, waya ta yi sama da wuya sosai har yatsa na shigewa ƙasanta. Nazifi ka samu rula ka auna tazarar da ke tsakanin saman firet na 12 da ƙasan waya mai kauri, firet su ne 'yan ƙarafan nan da ke jere a wuyan jitar. A jitar katako ya kamata ya tsaya wajen milimita 2 da rabi, siririyar kuma wajen 2. In ka ga 4 ko 5 to ba kai ba ne, ko Oga Garba aka ba wa ita sai ya ji a jikinsa. Na biyu, ɗan farin abin nan da wayoyi ke hawa a kai can sama kusa da makunnai, shi ma kamfani kan bar shi da tsayi, kuma shi ne ainihin mai wahalar da F don F a firet na 1 take, dab da shi. Gwaji mai sauƙi: ka ari kafo, wato maƙalin nan da ke danne wayoyi duka a wuri ɗaya, ka ɗaura a firet na 1, ka kama irin riƙon F ɗin a gabansa. In ka ji abin ya yi laushi nan take to an gano ɓarawon, sai a ɗan goge ramukan a saukar. Na uku wace lamba ce wayarka, wato kaurinta? Masu lamba 12 jimillar jan da suke yi wa jita ya haura kilo 70, masu lamba 10 wajen kilo 60, wayoyin roba na jitar gargajiyar Turawa kuma wajen 40. Mai koyo ba shi da dalilin farawa da 12 ko 13. In ba kuɗin canzawa yanzu ka saukar da dukkan wayoyin rabin sauti, E ta koma Eb, jan zai ragu da kusan kashi 11 cikin ɗari, kyauta.

Ummi_Zee:
Wannan gaskiya ne wlh. Ni da ta ƙarfe na fara na kusa haƙura, malamina ya ara min mai wayar roba sai na ji kamar an sauke min kaya. Amma ita ma wuyanta faɗi gare shi, mai ƙaramin hannu irina sai ta yi ta miƙa yatsu, wani gajiyar ne daban. Sai kuma abin da na lura da shi, in na gama wanke-wanke ko na yi alwala na ɗauki jita nan take fatar ta yi laushi waya na yanka ta, kantar ma ɓarewa take. Yanzu sai na bari hannun ya bushe sosai, kamar rabin awa haka.

Nazifi_KD:
Maigyara na auna da rular ƙanwata, ya kusa 5 fa. Lambar wayar kuma ban sani ba tun da na saya ban canza ba, har sun yi tsatsa.

MaiGyaranJita_SG:
To ka ji. Kar ka taɓa ƙarfen cikin wuyan da kanka, na sha ganin an murɗa shi har ya karye. Ka kai wa wanda ya iya a Kaduna ya duba ko wuyan ne ya lanƙwashe ko gadar ce, wato katakon da ke riƙe wayoyi a fuskar jitar, ta fara ɗagowa.

Issoufou_Tawa:
Assalamu alaikum. Ni abin da ni ka gani, ku can Najeriya kun ɗauka gitar ta katako ita ta mai koyo, ta lantarki sai gwani, alhali ta lantarki ta hi sauƙin dannawa nesa ba kusa ba. Nan wajenmu da Agadas masu kiɗin biki suna kwana suna yi, ango da amarya sun gaji su ba su gaji ba, amma in ka lura da hannunsu ba matsa sukai ba, taɓawa ce kawai, waya siririya, ampili shina yin sauran aikin, kuma ba su cika kama kod ɗin nan mai danne waya shida ba, waya guda tana ta ƙugi a sake yatsu na yawo bisa sauran. Wanga salon bai cin wuyan hannu kamar naku. Amma kar a ce mu ba mu ciwo, kahwaɗa da baya muna jin su, tsayuwar dare da gitar rataye ba wasa ba ce.

Garba_Lead:
Yauwa Issoufou, ai naku Mdou Moctar, mai jitar nan na Nijar, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Wa ya auna masa milimita?

Issoufou_Tawa:
Gaskiya ne da wayar birkin keke ya hwara, don babu wata ce. Da ya samu ta kirki ai bai koma ma birkin keke ba.

Bitrus_Bass:
Hahaha Oga Garba yau ba ranarka ba ce.

Shamsu_Kemis:
Nazifi kar su cika ka da surutu, ka sha diclofenac safe da yamma ka shafa Aboniki, kafin bikin ka warke.

Anti_Rahila:
Shamsu don Allah a'a. Ciwon shi ne ke gaya masa ya tsaya, in ka kashe shi da magani ya koma ya yi awa huɗu yana matsa wajen, ranar da maganin ya sake shi abin ya fi da. Kuma diclofenac da ibuprofen ba alawa ba ne, shan su kullum musamman ciki ba abinci yana jawo gyambon ciki yana kuma taɓa ƙoda, mai olsa ko hawan jini bai kamata ya sha ba sai likita ya ce. Na kwana biyu uku tare da hutu wani abu ne, na a samu a ci gaba da kiɗa wani abu ne. Man zafi kuma fata yake ɗumamawa, daɗi ake ji, ba ya sauke kumburin da ke ciki. Kuma tunda an zo nan bari in faɗa, duk wanda ya ce maka ka sha tramadol don ka iya kwana kana kiɗa ba masoyinka ba ne.

Shamsu_Kemis:
Ni ban ce tramadol ba fa Anti.

Anti_Rahila:
Ban ce kai ka ce ba, na san dai ana yi a wajen biki.

Abu_Huzaifa:
Ɗan uwa wataƙila ishara ce ka bar kiɗan gaba ɗaya ka kama wata sana'ar.

Admin_Kabiru:
Malam Abu mun gode, amma nan zauren makaɗa ne kuma tambayar lafiya aka yi. A tsaya a kanta don Allah, waccan muhawarar mun sha yin ta ba ta ƙarewa.

Baba_Sule_Gurmi:
Yara ina jinku. Ni gurmi na gada ba jita ba, jikana ne ke rubuta min wannan. Mu a gidanmu ba a ba yaro kayan kiɗa ya wuni da shi, ɗan lokaci kaɗan ne da safe ɗan lokaci da yamma, saura ya zauna ya saurara ya yi amshi. Ba mu san sunan wata jijiya ba amma mun san hannun da aka yi wa gaggawa ba ya tsufa da kiɗa. Kuma lokacin hunturu ba a fara kiɗa da hannu mai sanyi, sai an murza shi an ɗumama a bakin wuta ko a ruwan ɗumi. Da dare man kaɗanya. Yaro ka ji maganar wannan baiwar Allah mai aikin asibiti. Sai dai ban yarda a raina maɗori ba, akwai waɗanda suka san hannu ƙwarai.

Anti_Rahila:
Baba Allah ya ƙara girma, maganar ɗumama hannu da rarraba lokaci daidai take da abin da muke koyarwa, ba abin da zan ƙara. Maɗori kuma ba raini ba ne, sai dai nan ba karaya ba targaɗe, ba abin da za a ja ko a ɗaure da kara. In aka murza wajen da ƙarfi ko aka ɗaure tamau jijiyar da ake dannewa ce za a ƙara dannewa. Shi ya sa na fi son ya je sashen gashin ƙashi na babban asibiti, nan Kaduna akwai, wanda ke Kano kuma ga asibitin ƙashi na Dala ga na Malam Aminu Kano.

Yakubu_Keys:
Ni tambayata ga Maigyara, hunturun nan ba shi ne ke sa wayar ta ɗaga sama ba? Don jitar cocinmu duk Disamba sai ta canza hali.

MaiGyaranJita_SG:
Yawanci akasin haka ne Yakubu. Da damina katako ke shan danshi fuskar jitar ta kumbura waya ta yi sama. Da hunturu katakon bushewa yake ya tsuke, fuskar ta faɗa, waya ta sauko har ta riƙa zizza a kan firet, sannan bakin firet ɗin su fito ta gefe suna yankar hannu saboda katako ya tsuke ƙarfe bai tsuke ba. Wani lokacin ma fuskar ta tsage. Jita ta fi son danshin iska wajen kashi 45 zuwa 55, mu kuma nan da hunturu yana sauka ƙasa da 20. Ka sa ta cikin jakarta da ɗan soso mai danshi a cikin robar sabulu da aka huda, kar ya taɓa katakon. Abin da ya fi kashe jita a garin nan kuma barin ta cikin mota a rana, gam ɗin ya saki gada ta ɗago, to wannan kam yana ɗaga waya ko wane wata ne.

Ummi_Zee:
Hunturu ni yatsuna yake tsagawa, kantar ta bushe ta dare. Wata ta ce in sa lalle wai yana ƙarfafa fata, wani kuma ya ce sufa gulu.

Bitrus_Bass:
Sufa gulu mun sha sawa in fata ta dare ana tsakiyar hidima, yana kai ka ƙarshen taro amma ba magani ba ne, kuma kar a zuba shi cikin ciwo mai jini ko wanda ya fara ruwa. Gara man kaɗanyan da Baba ya faɗa da dare, da safe a wanke, kar a shafa dab da kiɗa don yana laushin kanta yana kuma kashe waya. In kantar ta yi tudu tana kama waya a ɗan goge ta da abin goge farce. Lalle kam ban sani ba sai matan zauren su faɗa.

Ummi_Zee:
Na sa, kyau kawai ya yi.

Sadiq_Zaria:
Mu koma kan Nazifi don har yanzu ba a taɓa riƙonsa ba. Ko an gyara jitar in yana matse wuyanta kamar zai shaƙe ta ciwon zai dawo. Abin da malamina ya sa ni yi: ka ɗora yatsa kan waya ba tare da dannawa ba kana bugawa, sai ka riƙa ƙara nauyi kaɗan kaɗan har sautin ya fito tas, ka tsaya nan. Za ka sha mamakin ƙanƙantar ƙarfin da ake buƙata, duk abin da ya haura wannan asara ce kuma sautin ma yana karkacewa. Yatsan ya zauna dab da bayan firet ba tsakiyar tazarar firet biyu ba. Wajen F kuma ka ɗan mirgina manuniyar ta danna da gefenta mai ƙashi, ba da cikinta mai taushi ba, kuma ba sai ta danne waya shida duka da ƙarfi ɗaya ba tunda sauran yatsun sun riga sun riƙe uku, ita uku kawai ke kanta. Ƙarfin ya fito daga nauyin hannu kana ɗan jan gwiwar hannu baya, babban yatsa jingina kawai yake a bayan wuya. In kana iya ɗage babban yatsan kod ɗin bai mutu gaba ɗaya ba to ka kama hanya. Sai zama: yawancinmu a bakin katifa muke koyo, an duƙa, an kwantar da jita a cinya fuskarta na kallon sama don a ga yatsu, wannan shi ke tilasta wuyan hannu ya naɗe. Ka miƙar da ita, ka ɗaga kanta sama kaɗan, in a tsaye ne ka rage tsawon maɗaurin.

Garba_Lead:
Wannan na maɗauri na yarda. Yara na sauke jita har gwiwa don su yi kama da na bidiyo.

Anti_Rahila:
Sadiq ya gama magana. Abin da zan ƙara, ba jita kaɗai ke cin hannun ba. Nazifi wane aiki kake yi da rana? Don in kana wuni kana latsa waya da babban yatsa, ko tuƙin babur ko Keke, ko ɗinki, ko kwamfuta, to hannun bai huta ba ko ka ajiye jitar. Kuma ga sauran masu karantawa, wanda nasa ƙaramin yatsa da rabin na zobe ne ke mutuwa, wannan wata jijiyar ce daban da ke bi ta bayan gwiwar hannu, wadda in ka buge ta kake jin kamar lantarki, ita naɗe gwiwar hannu na dogon lokaci da jingina ta kan tebur ne ke damunta. Wanda kuma yatsa ke maƙalewa in ya lanƙwasa sai ya ɓalle da ƙas, ko yake yawan samun mutuwar yatsu ba wani dalili, ya gwada sugansa, masu ciwon suga sun fi samun waɗannan. Masu juna biyu ma haka.

Nazifi_KD:
Anti POS nake yi, wuni nake ina latsawa da ƙirga kuɗi. To yanzu me zan yi takamaimai? Bikin nan shi ne damata ta farko wlh ba na son in ba su kunya.

Anti_Rahila:
Ka ajiye duk wani kod mai dannewa yanzu, atisayen dare har ƙarfe ɗaya kuma ya tsaya. In wajen ya yi zafi bayan aiki ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 10 zuwa 15, ba kai tsaye kan fata ba. Da dare ka sa abin ɗaure wuyan hannu mai ɗan ƙarfe a ciki wanda ke riƙe shi a miƙe, manyan kemis na sayarwa, kar ya matse. In zugin ya lafa ka dawo da minti 15 ko 20 ka huta, ka fara da abu mai sauƙi a hankali kafin mai wuya, kana jin zafi ka tsaya. In sati biyu ya wuce ba sauƙi, ko mutuwar yatsun ta koma har da rana, ko abu na suɓuce maka, ko ka ga tsokar gindin babban yatsa tana faɗawa, kar ka jira komai ka tafi asibiti. Bikin kuma ni a ganina ka gaya wa shugaban band ɗin gaskiya tun yanzu ya nemi mai taya ka.

Garba_Lead:
Nan ne ba mu jitu ba Anti. Kin san yadda harkar nan take kuwa? In ya ce hannunsa na ciwo gobe an kawo wani, ba a sake kiransa. Ya je ya yi bikinsa ya huta daga baya.

Bitrus_Bass:
Akwai tsakiya ai. Wa ya ce dole sai ya kama F ɗin mai dannewa? In waƙar a C take ya ɗaura kafo a firet na 5 ya buga G, C, D da Em, sautin da zai fito C, F, G da Am ne cif, ba dannewa ko ɗaya. In a D take mai Bm ya kai kafon firet na 7 ya buga irin riƙon dai. Ko kuma ƙaramar F ta waya huɗu, a cikin band mai bas da fiyano ba wanda zai ji bambanci, bas ɗin ne ke riƙe ƙasan. Ya ari ta lantarki mai waya lamba 9 ranar, ya yi waƙa uku huɗu ya ba wani.

Anti_Rahila:
In mutuwar yatsun ta daina kafin ranar, wannan zan iya yarda da shi. In ba ta daina ba ina nan kan bakana.

Issoufou_Tawa:
Bitrus kafo a 7 bisa gitar da wayarta ta kai milimita 5 sautin zai karkace hwa, sai an gyara ta tukuna.

MaiGyaranJita_SG:
Shi ya sa na ce a fara da kai ta gyara. Kuma Nazifi in za ka je ka sayi sabbin wayoyi lamba 10 ka tafi da su, a saita ta da wayar da za ka yi amfani da ita, in an saita da tsofaffin ka canza daga baya sai an sake taɓa wuyan.

Garba_Lead:
Lamba 10 a jitar katako sauti ne kamar na gwangwani, ni 11 ce ƙarshen saukowata.

Hassana_Mk:
Sannunku, yanzu na shigo na karanta daga sama. Ni nawa hannun dama ne, wajen gwiwar hannu ta waje ke min zafi in na daɗe ina kaɗawa da fik, ɗan robar nan da ake buga waya da shi, yatsu ba sa mutuwa. Anti Rahila shi ma abin ɗaurewar zan saya ko nawa daban ne?